Daf ɗin da Ta Yi Tsere da Ƙananan Motoci a Hamada

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil ranar Juma'a ya san ƙugin Daf. Tireloli na jere a Kara ana lodin shanun da za a kai Kudu, wasu kuma suna ratsa gari a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Mun saba da haruffa ukun nan na goshin motar har mun manta baƙuwa ce daga ƙasar Holan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, an taɓa yin wata Daf mai gudun kilomita 200 a sa'a, kuma labarinta a maƙwabta ya ƙare, a Jamhuriyar Nijar, kan hanyar Agadas.

Direbanta shi ne Jan de Rooy. An haife shi a 1943 a Eindhoven, garin da kamfanin DAF yake tun kafuwarsa a 1928. Gidansu na masu sufurin kaya ne, don haka a cikin gingimari ya tashi. A tseren ƙananan motoci ya yi suna a shekarun 1970. Jama'arsa suna yi masa laƙabi da sunan dabbar nan beyar, saboda girman jiki da rashin tsoro.

Filin da ya fito da shi duniya shi ne gasar Paris zuwa Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. Da aka ceto shi, maimakon ya yi bankwana da rairayi, sai ya shirya tseren da zai ratsa shi. An tashi na farko daga Paris a ƙarshen Disamba 1978. Agadas ta zama babban zango, inda ake hutawa ana gyaran motoci, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa. A farkon gasar, aikin manyan motoci shi ne dakon taya da kayan gyara a bayan masu tsere, tamkar yaran mota.

De Rooy ya shiga a 1982, kuma bai yarda da wannan matsayi ba. Burinsa gingimari ya doke ƙaramar mota a jimillar sakamako. Dabarar da ya ɓullo da ita mai sauƙin faɗi ce: idan inji ɗaya bai isa ba, a sa biyu. A 1984 ya zo da mota mai kai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da injinsa. Daga nan aka yi ta gyara har aka kai ga samfurin TurboTwin, inda inji ɗaya ke juya tayoyin gaba, ɗayan na baya. A 1987 ya lashe rukunin manyan motoci, ya kuma zo na 11 idan aka haɗa da ƙananan.

A 1988 DAF ta kawo motoci biyu, X1 da X2. Kowacce na ɗauke da inji biyu masu lita 11.6, ƙarfinsu a haɗe ya kai na doki kusan 1,200, nauyinta kuma wajen tan 10. A wannan gasa aka ɗauki hoton bidiyon da har yau ake yawo da shi a YouTube: daga jirgi mai saukar ungulu ana hango Peugeot 405 ta Ari Vatanen, tsohon zakaran duniya ɗan ƙasar Finland, tana keta fili. Sai ga gingimarin De Rooy ya taso mata, ya jera da ita, ya wuce, ƙura na bin sa. Ranar nan yaron mota ya sha gaban ubangidansa.

Murnar ba ta daɗe ba. Ranar 9 ga Janairu, a zangon Djado zuwa Agadas, cikin hamadar Tenere, X2 da Theo van de Rijt ke tuƙawa ta ci karo da tudun rairayi tana gudun kusan kilomita 180. Ta yi ta ƙundumbala. Mai duba hanya, Kees van Loevezijn, ya faɗo daga cikin motar, ya mutu nan take. Direban da bakanikensu Chris Ross suka ji munanan raunuka. DAF ta janye daga gasar, ta kuma rufe shirin. De Rooy bai sake komawa Dakar ba sai 2002.

Lissafin abin da ya faru ɗan sakandare ma zai iya yi. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi tana tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Ka tashi daga 60 zuwa 180, ya ninku sau tara. Injiniyoyi sun warware matsalar yadda tan 10 zai yi gudu, amma ba su warware ta yadda zai tsaya ba, ko yadda ɗan Adam zai fita da rai idan ya kife. Daga baya masu shirya gasar suka ƙayyade gudun manyan motoci.

Akwai kuma waɗanda ba su sa hannu a takardar shiga tsere ba, amma suka biya farashinsa. A gasar ta 1988, motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na ƙasar Mali. Van Loevezijn ya san haɗarin da ya shiga. Ita kuwa a garinsu take. Tarihin gasar ya fi riƙe sunayen direbobi a kan na irin waɗannan.

Gasar kanta ta bar mu. A 2000 an kwashe motocin ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda fargabar hari. An soke ta 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Ɗansa Gerard ya lashe rukunin manyan motoci a 2012 da 2016, amma da Iveco. Jan de Rooy ya rasu a Janairun 2024 yana da shekara 80.

Daf kuwa ba ta bar mu ba. Wata guda bayan haɗarin Tenere, a Fabrairun 1988, Nijeriya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Ƙa'idarta ta ba tirela kilomita 60 a sa'a a babban titi, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Mu da ke gefen titi mun san yadda ake bin ƙa'idar. Mun kuma san matasan da ke zama a saman bodi, bisa shanu, tun daga Wudil har Legas.

Mutanen X2 suna da hular kwano, da bel, da jirgin ceto a sama, da fili ba kasuwa ba mai talla, duk da haka tudu ɗaya ya ishe su. Tirelarmu ta ninka tasu nauyi idan ta yi lodi, kuma tsakiyar gari take ratsawa. Idan ka sake jin ƙugin Daf tana gangarowa gada, ka dubi waɗanda ke samanta, ka dubi yaran da ke jiran su tsallaka, sannan ka yi lissafin nan da kanka.