Makarantar da Ke Bayan Ƙashin Ƙirji

Kafin 1961, likitoci da yawa sun ɗauki taimus, 'yar tsokar da ke bayan ƙashin ƙirji, abu marar amfani. A shekarar ne Jacques Miller ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye a Ingila. Cututtuka suka yi musu rubdugu, jikinsu kuma ya karɓi fatar baƙin ɓeraye da aka dasa musu.

Ashe makaranta ce. Ƙwayoyin garkuwa kan taso daga ɓargo, su shiga taimus su koyi bambance ɗan gida da baƙo. Fiye da kashi 90 cikin ɗari a nan suke mutuwa. Ragowar, wato ƙwayoyin T, su ne ke fita cikin jini. Wadda ta kuɓuce ba horo tana iya afka wa jikin da ya raine ta.