Tsohuwar Mashayar Wellington

Tsohuwar Mashayar Wellington gini ne na katako a tsakiyar birnin Manchesta, ƙasar Ingila, wanda aka gina a shekarar 1552. Ƙashin ginin ginshiƙan katako ne da aka sassaƙa aka haɗa da turaku, aka cike tsakaninsu da yaɓe. Daga waje baƙin katako yake fitowa fili a kan farin bango. A ƙarni na 17 aka ƙara masa hawa na uku. A cikinsa aka haifi mawaƙi John Byrom a 1692, sai a 1830 ginin ya zama mashaya.

Bam ɗin da ƙungiyar 'yan bindiga ta IRA ta tayar a 1996 ya lalata unguwar. Abin burgewa shi ne yadda, bayan wannan harin, magina suka kwance ginin gungume bayan gungume, suka sake tayar da shi kusa da babban cocin birnin, aka buɗe shi a 1999.