Jirgin Ƙasan da Muka Ƙera da Hannunmu

A shekarar 1911 ne layin dogo da aka faro daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso Kano. Kafin ya shiga birni sai da ya ratsa ƙasarmu, ya bar mana tashoshi biyu, Dangora da Yako, a yankin Ƙiru. A 1912 aka buɗe zirga-zirga har Legas. Tun daga nan gyaɗa ta samu ƙafa. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fi kowa gane abin da wannan hanya ta zo da shi, kuma da cinikin gyaɗar nan sunansa ya kai inda ya kai. Can kudu kuma, kuza ce ta ja Turawa. Sun haƙe ta a Riruwai ta ƙasar Doguwa, kuma saboda kuzar Jos suka shimfiɗa wani siririn layi daga Zariya, wanda ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957.

Wannan duk yana cikin littattafai. Abin da ba a rubuta ba shi ne abin da yara suka yi da jirgin bayan sun gan shi.

Mu da muka tashi a waɗannan garuruwa mun san amsar. Da kaka ta yi, an girbe dawa, sai mu bi gonaki muna tsintar kara. Mu ɓare ɓawon, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, mu soke su da tsinken ɓawon nan har kan jirgi ya fito, da bututun hayaƙinsa, da tarago uku ko huɗu a bayansa. Waɗanda suka fi mu wayo suka koma gwangwanin madara da langalanga, suna yanko tayoyi daga tsohon silifa. Yaron Tudun Wada da bai taɓa ganin jirgi ba yakan ƙera nasa daga bayanin wanda ya je Dangora. Shi ya sa wani jirgin yakan fito da kamannin tirela.

A Turai ma wasan yara ne mafarinsa, sai dai can kamfanoni suka karɓe shi. Märklin na Jamus ya baje jiragensa masu wani da layinsu a kasuwar Leipzig a 1891. Lionel na Amurka ya fito da mai lantarki a 1901. Hornby na Ingila ya fara da mai wani a 1920, ya kawo mai lantarki a 1925. Daga baya aka tsayar da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa, HO, yana rage jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Namu layin na gaske ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Har yau akwai dattawa a can da ke ƙera kan jirgi da hannu, ƙarfe bayan ƙarfe, su yi watanni a kan guda ɗaya.

Mu ba wanda ya sayar mana da inji. A cikin mushen rediyo mai kaset muka same shi, a bayan rumfar mai gyara. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi murfin kwalba biyu ba. Wanda ya fasa shi zai ga maganaɗisu a jikin bango, da zaren jan ƙarfe nannaɗe a kan sanda a tsakiya, da wasu 'yan ƙarafa biyu masu gogar sandar suna ba ta wuta. Wuta na shiga, zaren ya zama maganaɗisu shi ma, su yi ta ture juna, sanda ta juya. Asalin wannan hikima tana komawa ga gwajin Michael Faraday na 1821, amma mu ba mu san sunansa ba. Abin da muka sani shi ne, in ka juya batir, jirgi ya koma da baya. Mun kuma gano cewa in ka haɗa injin kai tsaye da taya, sai ta yi ta kartar ƙasa a wuri ɗaya. Dole ka ɗaura kyauron roba daga siririyar sandar zuwa babbar taya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Ba malamin da ya koya mana wannan. Jirgi goma ne suka ƙi tafiya kafin na sha ɗaya ya motsa.

Daga cikinmu aka samu masu gyaran rediyo, da masu walda, da masu naɗin injin ban ruwa a gonakin da madatsar Tiga ke shayarwa. Hannun da ya saba da kara bai jin tsoron ƙarfe.

Yanzu kaset ya mutu, rumfunan gyaransa sun koma na waya, motar roba kuma ta cika kasuwa da araha. A 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna, mai faɗin milimita 1,435. Jirgi zai dawo, zai kuma buƙaci masu gyara shi. Tambayar ita ce, daga ina za su fito?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kaka ta zo bana, mu ja ƙannenmu da 'ya'yanmu zuwa gona. Kara yana nan, bai ƙare ba. Injin kuma yana cikin kowace 'yar fankar caji da ta lalace a gidajenmu.