ZARE: Daga zauren malam zuwa ɗakin JAMB, yadda hanyar zama lauya ta canza a ƙasar Bagudo

1/
Jama'a, lokacin yankar JAMB ya matso, na ga ƙannenmu da yawa suna cewa "ni fa lauya zan zama". Madalla. Amma kun san jarrabawar nan ba ta kai shekara hamsin ba? Ku gyara zama mu bi tarihin ƙofar shiga karatun shari'a, ta fuskar Bagudo da iyakar Benin. 🧵

2/
Mu fara da ita iyakar. A 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan rabon ƙasar Borgu. Illo da Bussa suka faɗo hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Illo yau tana ƙaramar hukumar Bagudo. Ba wanda ya tambayi mutanen wurin.

3/
Wannan layin ne ya sa yau yaron Tsamiya da ɗan'uwansa na Segbana, duk da kasuwa ɗaya suke ci, ba jarrabawa ɗaya za su yi ba in suna son zama lauya. Ɗaya Turanci da dokar da aka gada daga Ingila, ɗaya Faransanci da tsarin Faransa. Za mu dawo kan wannan.

4/
Kafin Turawa fa akwai karatun shari'a a nan, kuma mai zurfi. Bagudo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ya rubuta Liya'ul Hukkam, littafi kan yadda shugaba da alƙali za su tafiyar da mulki da hukunci.

5/
A wancan zamani babu fom, babu lambar rajista. Za ka durƙusa gaban malami ka sauke Risala, ka wuce Askari, ka kai Muhtasar na Halilu, ka karanta Tuhfa kan aikin alƙalanci. Malaminka ne zai shaida ka ƙware. Sarki kuma shi ke naɗa alƙali. Shekaru ake kwashewa.

6/
Da Turawa suka ci Arewa a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai dai suka sa musu linzami. Daga baya aka ga ana buƙatar alƙalai masu horon makaranta. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, aka kawo malamai daga Sudan.

7/
Ita ce a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS da kuka sani. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi a nan ya yi karatu, daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Ɗan lardin Sakkwato mai son alƙalanci, a lokacin Kano zai nufa.

8/
Amma ku lura: wannan makaranta alƙalai take fitarwa, ba lauyoyi ba. Mai son sa baƙar riga da farar hular gashin nan dole ya hau jirgi zuwa Landan, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na can, ya ci jarrabawarsu, ya kuma halarci liyafofin cin abincinsu.

9/
Dubi ratar da ke tsakani. Sapara Williams, lauyan Najeriya na farko, a 1879 aka rantsar da shi a Landan. Lauyan farko daga Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, sai 1955. Shekara 76 kenan. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba, ƙofar ce ke can bayan teku, kuɗin jirgi kuma ba kowa ba.

10/
Mohammed Bello na Katsina, ɗan Muftin Katsina, ya biyo a 1956, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1987. 'Yan mata ku ji naku: Aloma Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, 1966, kuma ta hau waccan kujerar a 2012.

11/
Gab da samun 'yanci abubuwa suka juya da sauri. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960.

12/
To wa zai yi aiki da sabon kundin? Sai aka riƙa kwasar alƙalai zuwa Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya ana horar da su. A wannan harabar tsangayar shari'a ta ABU ta tsiro a 1962. Har gobe 'yan shari'a na ABU a Kongo suke.

13/
A wannan shekarar ta 1962 aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Ta buɗe a Janairun 1963 a titin Igbosere, Legas, da ɗalibai takwas kacal. A 1997 hedikwatar ta koma Bwari, Abuja. Reshen Kano yana Bagauda.

14/
Abin mamaki: cin abincin nan na Landan ya biyo mu gida. Har yau sai ɗalibi ya halarci liyafa uku, cikin baƙaƙen kaya, kafin a rantsar da shi. 😅

15/
Ga mutumin Bagudo, ƙofar ta ƙara matsowa a 1975 da aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Usmanu Ɗanfodiyo. A can ana haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. Abubakar Malami na Birnin Kebbi, ministan shari'a daga 2015 zuwa 2023, a can ya karanta.

16/
JAMB kuwa sai 1978. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, wani ya samu gurbi uku, wani ya tashi a tutar babu. A 2005 jami'o'i suka ƙara nasu tantancewar bayan JAMB. Daga 2015 aka daina fensir da takarda, komai ya koma kwamfuta.

17/
Nan ne abin ke taɓa mu. Yaron da ya tashi a Lolo ko Zagga, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, shi za a zaunar da ɗan Legas a jarrabawa ɗaya: darussa huɗu, maki 400, agogo na gudu a allo. Don Allah ku nemi inda za ku gwada hannu tun kafin ranar.

18/
Tarko na biyu: Adabin Turanci. Tsangayoyin shari'a suna nemansa a JAMB, suna kuma neman kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, tare da Turanci. Makarantun karkara da dama ba su da malaminsa. Yaro zai ci maki mai kyau, a ce masa haɗin darussansa bai yi ba. Shekara ta tafi.

19/
Saboda haka tun a aji huɗu na sakandare ake shiri. Ka duba littafin ƙa'idojin JAMB na shekararka, ka ga abin da jami'ar da ka zaɓa take so, musamman in ɓangaren shari'ar Musulunci kake nema, don sharuɗɗan kan bambanta. Kar ka dogara da "wai" na mai shagon intanet.

20/
Me ya sa makin shari'a ke tsada haka? Hukumar Kula da Ilimin Lauyoyi ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Gurbi kaɗan, masu nema dubbai. Jami'ar da ta zarce adadi, ɗalibanta ne ke shan wahala, su gama shekara biyar su zauna jiran layin Bwari.

21/
Yanzu mu koma tsallake. A Benin yaro zai ci bakaloriya, ya shiga jami'ar Abomey-Calavi ko ta Parakou, sannan ya nemi takardar CAPA kafin ya zama lauya. Dokar kasuwancinsu ta OHADA ce, yarjejeniyar 1993. Benin da Nijar na ciki, Najeriya ba ta ciki.

22/
Shi ya sa mai ce maka "bar JAMB, mu je Kwatano a yi digiri da wuri" ka tambaye shi da kyau. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri a can cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

23/
Ko digirinka na waje na gaskiya ne, sai ka yi zangon share fage a makarantar lauyoyi ka koyi dokokin Najeriya kafin a haɗa ka da sauran. Ga kuɗin iyaye, ga shekaru. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

24/
Amma kar ku raina Faransanci da Dandanci da kuka tashi da su a bakin iyaka. Direban da aka riƙe wa mota a Malanville, ɗan kasuwar da aka cinye wa kuɗin albasa, makiyayin da aka kama a tsallake, duk suna buƙatar lauyan da ke jin harshen ɓangarorin biyu. Irin waɗannan ba su da yawa.

25/
In kana da ƙane ko ƙanwa a sakandare mai wannan buri, tura masa zaren nan, ka tambaye shi ko yana yin Adabin Turanci. 'Yan shari'a na Ɗanfodiyo, ABU da BUK, ku ajiye musu shawara a ƙasa. Allah Ya ba masu zana jarrabawa sa'a. 🤲🏾