Tauraron ɗan adam da ƙidayar gawo a Guci da kewaye

Guci ƙaramar hukuma ce a gundumar Dungas, jihar Damagaram, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Yankin na cikin wuraren da aka fi ambatawa a Sahel idan ana zancen amfani da hotunan tauraron ɗan adam wajen sa ido kan muhalli.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ana ɗauka cewa hamada ta gama cinye kudancin Nijar. A tsakiyar shekarun 2000, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, da Chris Reij ɗan ƙasar Holand suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da sabbin hotunan tauraron ɗan adam. Sai suka tarar itatuwa sun ƙaru a gonaki. An ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma Magarya, Matamaye da Mirya na cikin inda suka fi yawa. Ba dasa su aka yi ba: manoma ne suka riƙa barin tohon kututture ya girma, abin da ake kira sassaben zamani.

Gawo ya sauƙaƙa ƙidayar. Yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka yakan fito fili a hoton da aka ɗauka bayan girbi. Amma ba kowane hoto ke nuna shi ba. Ɗigo guda na hoton Landsat yana rufe mita 30 a tsawo da faɗi, ga shi itatuwan gona a warwatse suke, sai an haɗa da hotuna masu kaifi da zagayen gani da ido.

Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, na bin ruwan sama da yanayin tsirrai ta wannan hanya, tana kuma fitar da hasashen damina da ke isa ƙauyuka ta rediyon karkara da wayar salula.

Hoto yana nuna inda aka sare gawo, ba ya faɗin mai shi. Wannan batu doka ce ta warware shi: a Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince wa manomi mallakar itatuwan da ya raina a gonarsa.