Jinjimin Masar da Shamuwar Ƙasar Hausa

Jinjimi, farin tsuntsun nan mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki da ke kiwo a bakin tabkunan damina na ƙasar Hausa, ya taɓa samun babban matsayi a tsohuwar Masar. Mutanen wancan zamani sun danganta shi da Tot, abin bautarsu na rubutu da hikima, wanda suke zanawa da jikin mutum da kan jinjimi.

Tun daga wajen shekara ta 664 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa zamanin mulkin Rumawa, mai neman biyan buƙata yakan je wurin bauta ya sayi gawar jinjimi ya miƙa ta. Masu hidimar wurin ne ke shirya ta: su busar da ita da kanwa ko su tsoma ta cikin narkakken ƙaro, su naɗe ta da ƙyalle, su saka cikin tulun ƙasa su liƙe bakinsa, sannan a jera tulunan a dogayen ramuka ƙarƙashin ƙasa. An ƙiyasta irin waɗannan gawarwaki sun haura miliyan 4 a Tuna el-Gebel, a Sakkara kuwa sun kai kimanin miliyan 1 da dubu 750.

Masanin tarihin Girka, Herodotus, ya rubuta cewa wanda ya kashe jinjimi, ko da bisa kuskure ne, hukuncinsa kisa. Amma wannan adadi ya fi ƙarfin tsuntsayen da ajali ya ɗauka don kansu, ibadar ta zama ciniki. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2019 ya nuna alamar cewa daga daji ake kamo su. A ƙarni na 19 jinjimi ya ɓace daga Masar, sai dai gawarwakinsa cikin tuluna.

Manoman Bawdeta da na sauran ƙauyukan Tasawa da Mayayi su ma suna da tsuntsuwar da suke girmamawa, wato shamuwa, mai bushara da damina. Ba a bauta mata, ba a sayar da ita. Takan yi sheƙa a itacen tsakar gari, yara kuma sun tashi da horon kada su taɓa ƙwanta. Girmamawar Masar ta cika ramuka da tuluna, ta manomin Bahaushe kuwa ta bar tsuntsuwa da ranta, ta tafi kudu da kaka, ta komo gabanin ruwan shuka.