Rikicin gonaki ne ya haifi ilimin iya magana

Wajen shekara ta 466 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisiliya suka kori azzalumin sarkinsu. Marubutan dā sun ce sarakunan birnin sun ƙwace filayen mutane da yawa, saboda haka da mulkin ya faɗi sai ƙararraki suka cika kotu. Shekaru sun shuɗe, shaida ta yi wuya, kowa kuma da bakinsa zai kare haƙƙinsa. A nan ne aka ce wani Koraks da almajirinsa Tisiyas suka fara koya wa mutane tsara magana: yadda za a buɗe ta, a faɗi abin da ya faru, a kawo hujja, a rufe.

Daga Sisiliya ilimin ya isa Atina, babban birnin Girkawa. A 427 Gorgiyas ya zo can a matsayin jakadan garinsu, zaƙin bakinsa ya ruɗa matasa. Atina kuwa tana bukatar irin wannan ilimi. Wanda aka kai ƙara shi da kansa zai yi magana a gaban ɗaruruwan masu yanke hukunci, ana auna masa lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga tulu. Mai hali yakan biya a rubuta masa jawabi ya haddace. Wanda bai iya baki ba yana iya rasa gonarsa ko da shi ke da gaskiya.

Masu koyar da wannan fanni sun tara kuɗi, sun kuma jawo zargi. Aflatun, wanda aka yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa a irin wannan kotu a 399, ya kwatanta iya magana da aikin mai girki: yana faranta harshe, bai damu da lafiyar jiki ba. A ganinsa aikin likita shi ne neman gaskiya.

Almajirinsa Aristo ya ɗauki wata hanya. Ya ce duk wani abu mai amfani ana iya cutarwa da shi, kuma abin kunya ne mutum ya kasa kare kansa da magana. Ya nuna cewa abu uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa da ke bayyana a cikin zancen, abin da ya motsa a zukatan masu sauraro, da hujjar kanta. Daga baya aka fassara littafinsa zuwa Larabci, malamai irin su Alfarabi da Ibn Rushd suka yi masa sharhi. A Rum kuma, malamin makaranta Kwintiliyan ya dage cewa sai mutumin kirki ne ya cancanci a kira shi gwanin magana.

Gardamar Aflatun da Aristo ba ta ƙare ba, tana nan cikin gidajenmu da azuzuwanmu. Muna yaba yaron da ya yi shiru, muna ba mai hadda maki, amma da wuya mu ce masa: kawo dalilinka. Gobe wannan yaron zai tsaya gaban mai gari ko alƙali kan gonar gado, kuma kullum wayarsa tana kawo masa muryoyin masu zaƙin baki.

Malamai da iyaye, ma'aunin Aristo bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. In yaro ya ji wata magana, mu tambaye shi: wa ya faɗa, kuma me ya sa za a amince da shi? Tsoro yake son jefa maka ko fushi? Ina hujjarsa? Sannan mu ba shi minti biyu ya tsaya ya kare ra'ayinsa cikin ladabi, da Hausa ko da Faransanci. Yaron da ya saba da haka zai iya faɗin gaskiyarsa, kuma ba kowane mai baki ba ne zai ja shi.